Daga Lagdo zuwa Lokoja: yadda ake saƙa wa na'ura ragar sani

Duk shekara idan Agusta ya raba tsakiya, tambaya ɗaya ce ke yawo a bakin Binuwai, tun daga Garwa har Makurɗi: an buɗe Lagdo? Mai masara a fadama yana yin ta, masunci yana yin ta, mai kwale-kwalen fito ma haka. Amma abin da manomin Numan ke son ji ya wuce "eh" ko "a'a". So yake ya san ko ruwan zai iso gonarsa, da kuma ƙarfin da zai zo da shi. Kafin a ba shi amsa mai amfani sai an san cewa madatsar Lagdo tana Kamaru, sama da Garwa da kimanin kilomita 50. Sai an san kogin Mayo Kebbi, wanda ya taso daga Chadi, yana zubowa cikin Binuwai a ƙasan madatsar kafin a iso Garwa. Sai an san kogin Faro yana haɗuwa da Binuwai dab da kan iyakar Najeriya, kuma Lagdo ba ta da iko da ruwansa. Sai an san kogin Gongola yana shigowa a Numan, bayan ya ratso madatsun Dadin Kowa da Kiri. Kowane guntu na wannan sani yana wani wuri dabam. Wani yana cikin rahoton Faransanci a Yawunde, wani a sanarwar Ingilishi daga Abuja, wani kuwa yana cikin kan tsohon masuncin da bai taɓa rubuta komai ba.

Na ɗauko zancen daga kogi ne domin irin wannan tambaya ita ce ke kayar da manhajojin ƙirƙirarriyar basira da suka cika wayoyinmu tun fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022. Kuma ita ce ta sa masana kwamfuta suka koma ga wata tsohuwar dabara da suke kira giraf. Ba zanen nan na layi mai hawa da sauka da ake yi a darasin lissafi ake nufi ba. Ana nufin tsara sani a matsayin abubuwa da alaƙar da ke tsakaninsu. Ni zan kira shi ragar alaƙa, don raga ce ta fi kama da shi.

Manhajar harshe, a asalinta, ta haddace salon magana ne daga tulin rubuce-rubuce. Idan ka tambaye ta abin da ba ta riƙe da kyau ba, ba kasafai take yin shiru ba, sai ta yi maka shaci-faɗi cikin lafazi mai daɗi. A 2020 Patrick Lewis da abokan aikinsa a sashen binciken Facebook suka wallafa wata hanya da ta zama ruwan dare: kafin manhajar ta buɗe baki, a fara ɗebo mata takardun da suka shafi tambayar, ta karanta, sannan ta amsa. Yadda ake ɗebowar shi ne a yayyanka takardu gutsure-gutsure, a mayar da kowane gutsure jerin lambobi da ke nuna inda ma'anarsa ta dosa. Tambaya ma a mayar da ita lambobi. Gutsuren da lambobinsu suka fi kusa da na tambayar su za a miƙa. Awon kama ke nan.

Daga baya aka ƙara wani mataki. Aka ba manhajar damar yin aiki kamar ɗan aike: ta raba tambaya kashi-kashi, ta je nema, ta dawo ta duba abin da ta samo, idan bai isa ba ta sake fita, har ma ta aika saƙo ko ta cika takarda a madadinka. A nan ne ingancin nema ya zama babban al'amari. Yaron da aka aika kasuwa ya ɓata hanya tun a kwanar farko, duk saurinsa ƙara nisa yake yi.

Awon kama yana da amfani, kuma ga tambaya mai amsa a wuri ɗaya ya wadatar. Amma Hausawa sun riga sun ce kama da wane ba ta wane. Arewacin Kamaru kuwa cike yake da sunaye masu kama. Akwai Garwa ta bakin Binuwai, akwai Garwa-Bulai can gabas a kan iyakar Afirka ta Tsakiya, ɗaruruwan kilomita tsakaninsu. Akwai Adamawa mai hedikwata a Yola, akwai Adamawa mai hedikwata a Ngawundare. Kalmar Binuwai kanta abu huɗu ce: kogi ne, gunduma ce da Garwa ke cikinta, gandun daji ne a kan hanyar Ngawundare, sannan jiha ce a Najeriya. A wurin awon kama duk waɗannan maƙwabtan juna ne. Mai neman labarin ambaliya a gundumar Binuwai ta Kamaru yana iya samun labarin Makurɗi, manhajar kuma ta ɗora amsarta a kai ba tare da ta lura ba.

Matsala ta biyu ta fi wannan zurfi. Gutsuren da ya ce Faro yana haɗuwa da Binuwai bai ambaci Numan ba, bai ambaci Lagdo ba, bai ambaci ambaliya ba. Bai yi kama da tambayar manomin ba ko kaɗan, don haka ba za a ɗebo shi ba. Alhali shi ne tsanin da ba a hawa sai da shi.

Wanda ya taɓa zama kusa da masunci yana gyaran taru a bakin tafkin Lagdo zai gane maganin da sauri. Ya maƙale gefen ragar a babban yatsan ƙafa, ya ja ta miƙe, yana bin ta ƙulli bayan ƙulli. Inda zare ya tsinke ya ɗaura sabo, ya ja ya gwada, ya wuce. Idan ya ɗaga ƙulli ɗaya, na kewaye da shi duk sai su motsa. Haka ragar alaƙa take. Kowane abu ƙulli ne: gari, kogi, mutum, hukuma, cuta, shekara. Kowace alaƙa zare ce mai suna, mai kuma inda ta fuskanta. "Faro yana zuba cikin Binuwai." "Garwa tana ƙasan Lagdo." "Yola tana ƙasan mahaɗar Faro." Abu, alaƙa, abu. Idan aka tara irin waɗannan jimloli dubbai, ɗan aiken ba sai ya dogara da kama kaɗai ba. Zai tsaya a ƙullin Numan, ya bi zaren da ke cewa "daga sama", ya hau zuwa Yola, ya iske Faro, ya wuce Garwa, ya iske Mayo Kebbi, ya ƙare a Lagdo. Zai dawo da cewa ruwan da ke isa Numan daga hannuwa da dama yake, kuma Lagdo ɗaya ce daga cikinsu. Abin da ya fi burge ni shi ne zai iya nuna hanyar da ya bi, mataki-mataki, yadda mai tambaya zai duba ya ce nan ka yi daidai, nan ka kauce.

Ga wani misali daga cikin gari. A ce an tambaya: wane Firayim Ministan Kamaru ne ɗan'uwansa ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, kuma wace sarauta gidansu ya riƙe? Ɗan Garwa ba zai yi dogon tunani ba. Issa Hayatou ya riƙe hukumar, wato CAF, daga 1988 zuwa 2017, ɗan'uwansa Sadou Hayatou ya yi Firayim Minista daga 1991 zuwa 1992, gidansu kuma gidan sarautar Lamiɗon Garwa ne. Tsalle uku ne a kan raga. Mutumin gari yana yin su cikin ƙiftawar ido saboda ragar tana cikin kansa tun yana yaro. Shi ya sa aka ce da ɗan gari akan ci gari. Abin da ake ƙoƙarin yi shi ne a ba na'ura ɗan rabo daga wannan.

Dabarar ta daɗe. Tun 1736 Leonhard Euler ya warware matsalar gadoji bakwai na birnin Konigsbag ta hanyar mayar da unguwanni ɗigo, gadoji kuma layi. A 1998 Larry Page da Sergey Brin suka gina Google a kan lissafin PageRank, wanda ke auna darajar shafi da yawan shafukan da ke nuni gare shi da kuma darajarsu. A watan Mayun 2012 Google ya sanar da tasa ragar sanin, mai abubuwa sama da miliyan 500 da bayanai sama da biliyan 3.5, a Oktoban shekarar kuma aka buɗe Wikidata, wadda kowa ke iya sa hannu a ciki. Sabon abin da ya zo shi ne haɗa wannan da manhajar harshe. A 2024 Microsoft ya fitar da GraphRAG, inda manhajar da kanta ke karance takardu ta tsamo ƙulli da zare. Sannan a yi amfani da wani lissafi da aka sa wa sunan birnin Leiden a raba ragar unguwa-unguwa, wato tarin abubuwan da suka fi cuɗanya da juna, a rubuta wa kowace unguwa taƙaitaccen bayani. A shekarar dai masu bincike a Jami'ar Jihar Ohayo suka fito da HippoRAG, wanda ke fara tafiya daga abubuwan da tambaya ta ambata, ya bar lissafin PageRank ya bazu cikin raga ya gano maƙwabtan da suka fi muhimmanci.

Amfanin wancan rabon unguwanni yana fitowa a tambayar da ta shafi tari gaba ɗaya. A ɗauka kamfanin auduga na SODECOTON, wanda aka kafa a 1974 da hedikwata a Garwa, ya tara rahotannin malaman gona na shekara goma, ana son sanin manyan abubuwan da suka fi damun manoma a tsawon lokacin. Babu gutsure ɗaya da ke ɗauke da amsar. Sai an ga cewa zancen taki ya taru nan, na tsutsa can, na jinkirin biya a wancan gefe, an kuma ga yankunan da kowanne ya fi shafa. Haka za a iya yi wa bayanan cututtukan dabbobi irin waɗanda ɗakin binciken LANAVET da ke Bokle, kusa da Garwa, ke aiki a kansu: garke, burtali, mashaya, kasuwa. Cuta tana bin alaƙa ne, daga mashaya zuwa kasuwar Adumri, daga can zuwa ƙetaren iyaka.

To amma ni a ganina, darasin da ya fi muhimmanci a wannan fanni ba daga Amurka zai zo mana ba, muna da shi a zaure. Almajirin da ya zauna gaban malamin hadisi ya san ba a karɓar magana sai da isnadi: wane ya ji daga wane, shi kuma daga wane. Malaman ilmin rijalu sun ɓata rayuwarsu suna tantance ko mutum biyu sun yi zamani ɗaya, ko sun haɗu, ko haddar wannan ta rikice da ya tsufa, ko masu suna iri ɗaya mutum ɗaya ne ko biyu. Wannan raga ce cikakkiya, kuma kowane zarenta yana da daraja: ingantacce, kyakkyawa, mai rauni. Haka nan a kara, baƙon da ya zo da shanu ba ya sayarwa sai ta hannun dillali, dillalin ma akwai maigidan da ya tsaya masa. Tambayar farko ita ce "wa ya san shi?" Ragar da za a ba ɗan aiken na'ura dole ta ɗauki wannan tarbiyya. Kowane zare ya zo da wanda ya faɗe shi da ranar da aka faɗa.

Dubi ambaliyar 2022, wadda ta hallaka mutane sama da 600 a Najeriya. Jaridu da yawa sun ɗora laifin a kan sakin ruwan Lagdo. Ministan albarkatun ruwa na lokacin, Suleiman Adamu, ya ce rabon madatsar ƙanƙani ne, mafi yawan ruwan na sama ne da na kogunan cikin Najeriya. Idan aka bar manhaja ta karance jaridu ta saƙa raga ba tare da kulawa ba, za ta ɗaura zare mai kauri da ke cewa "Lagdo ce ta jawo ambaliya", saboda shi aka fi maimaitawa. Daga ranar kuma ɗan aike zai riƙa bin sa kamar tabbataccen abu. Kuskuren da ke cikin takarda ɗaya yana zaune a wurinsa. Kuskuren da ya shiga raga yana shafar duk tafiyar da ta ratsa ta kansa. Raga ta gari za ta riƙe maganganun biyu, kowace da mai ita, ta kuma riƙe cewa madatsar Dasin Hausa da aka daɗe ana zancen ginawa a Jihar Adamawa don tare wannan ruwa ba a gina ta ba.

Lokaci ma haka. Kafin 1983 arewacin Kamaru lardi ɗaya ne mai hedikwata a Garwa. A shekarar aka raba shi uku: Arewa Mai Nisa a Marwa, Arewa a Garwa, Adamawa a Ngawundare. Takardar 1978 da ta ce "Lardin Arewa" tana nufin ƙasar da ta kama daga tsaunin Adamawa har tafkin Chadi. Ta yau tana nufin gundumomi huɗu kawai: Binuwai, Faro, Mayo-Luti da Mayo-Rey. "Lamiɗon Garwa" kujera ce, masu zama a kanta suna sauyawa, kamar yadda aka yi a 2021 bayan rasuwar Lamiɗo Alim Hayatou. Garin kansa ya kasance cikin masarautar Fombina ƙarƙashin Yola, Jamusawa suka kama shi a 1901, sojojin Ingila da Faransa suka ƙwace a 1915. Zaren da ba shi da ranar farawa da ranar ƙarewa ƙarya yake jira ya yi.

Sai babbar wahala, wadda ita ce tamu ta musamman: rubutun suna. Gari ɗaya, Bafaranshe ya rubuta Garoua, Bajamushe ya rubuta Garua, mu mu rubuta Garwa, malami kuma ya rubuta da ajami. Ahidjo, ɗan Garwa da ya shugabanci Kamaru daga 1960 zuwa 1982, a Hausa Ahijo ne. Bouba, Buba da Buuba suna ɗaya ne. Hamadou, Amadou da Ahmadu wani lokaci mutum ɗaya ne, wani lokaci uku ne a gida ɗaya. Takardun hukuma na Faransanci ba sa rubuta ɓ da ɗ, sai kalmomi biyu su zama ɗaya. Idan na'ura ta kasa gane cewa Garoua da Garwa ƙulli ɗaya ne, ragar ta yage gida biyu, abin da aka rubuta da Faransanci ba zai taɓa haɗuwa da na Hausa ba. Idan kuma ta haɗe mutum biyu ta mayar ɗaya, ta ɗora wa wani bashin wani. Kayan aikin tsamo sunaye daga rubutu sun fi ƙwarewa a Ingilishi da Faransanci. Ƙungiyar Masakhane ta yi ƙoƙari, ta fitar da MasakhaNER a 2021 da harsunan Afirka 10 ciki har da Hausa, ta faɗaɗa zuwa 20 a 2022. Fulfulde, harshen kasuwar Garwa da Marwa, ba ya cikinsu. Wannan giɓi yana ci mini rai, domin Bahaushen unguwar Yelwa ko Hausare a Garwa da Fulfulde yake ciniki, da Faransanci yake cika takarda, da Hausa yake hira a gida, kuma iliminsa a rarrabe yake cikin ukun.

An taɓa yin wannan aiki da hannu, kuma an yi shi da kyau. Eldridge Mohammadou ya shafe shekaru yana bin fadojin lamiɓe da na'urar ɗaukar murya, yana tattara tarihin baka na Marwa, Rey Buba, Garwa da sauransu, yana gwada ruwayar wannan fada da ta waccan. Littafinsa kan tarihin Garwa, wanda ya yi tare da Ahmadou Bassoro, ya fito a 1980. Irin wannan taska ita ce zaren da za a yi saƙa da shi. Na'ura ba za ta tsamo alaƙa daga abin da ba a rubuta ba, ko wanda aka rubuta yana kulle a kabad.

Akwai tsada, kuma bai kamata a ɓoye ba. Saƙa raga na nufin manhaja ta karance dukan takardun tun kafin a yi tambaya ko ɗaya, kuma kuɗi ake biya a kan kowace kalma. Microsoft da kansa ya fito da wani salo mai sauƙi, LazyGraphRAG, a ƙarshen 2024, saboda wannan nauyi. Ga kuma gyara, domin raga tana tsufa kamar ta masunci. Hukuncina shi ne, ƙaramin ofis da tambayoyinsa ba su wuce "nawa ne kuɗin kaza" ko "yaushe ake rufe rajista" ba, ya tsaya a kan nema na yau da kullum. Raga tana biyan wahalarta ne inda amsa ke buƙatar tsalle biyu ko uku, inda sunaye ke rikitarwa, ko inda ake son ganin hoton tari gaba ɗaya. Mafi yawan masu aikin ma haɗa hanyoyin biyu suke yi: awon kama ya nuna ƙofar shiga, raga ta ja gora a ciki.

Akwai kuma abin tsoro. Ragar da ke nuna wa ya san wa makami ce. A yankin da ake fama da satar mutane don kuɗin fansa, kamar sassan Mayo-Rey, bayanin wanda ya sayar da shanu jiya da inda 'ya'yansa ke kiwo bai kamata ya zauna inda kowane ɗan aike zai iya bi ya tarar ba. Zare ɗaya na kuskure da ya haɗa sunan bawan Allah da ɗan ta'adda ya isa ya jefa shi cikin bala'i. Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, Kamaru ta yi tata a Disambar 2024. Shawarata ita ce a fara da abin da ba sirrin kowa ba ne: koguna, garuruwa, kasuwanni da ranakun cinsu, hanyoyi, amfanin gona, cututtuka, tarihin sarautu. Ragar mutane masu rai a bar ta sai da izini da tsaro.

Kuma farawar ba ta buƙatar jiran kowa. A Wikidata kowane abu yana da lambarsa mai farawa da Q, a ƙarƙashinta ana jera sunayensa a kowane harshe, kowace magana kuma tana da gurbin kawo madogara da kwanan wata. Ɗalibin da ya zauna da wayarsa ya shigar da sunan ƙauyensu da Hausa da Fulfulde da Faransanci, ya nuna rafin da yake bakinsa da kogin da rafin ke zuba ciki, ya ɗaura ƙullin da manhajoji da yawa za su iya bi. A Satumban 2024 hukumar kula da yanayin koguna ta Najeriya ta gargaɗi jihohi 11 kan sakin ruwan Lagdo. Gargaɗin ya tsaya a kan sunan jiha. Manomi kuwa a ƙauye yake zaune, kuma ƙauyen ne ba ya cikin raga.

Kirana ga malamai da ɗaliban Jami'ar Garwa, wadda aka kafa a 2022, da na Marwa da Ngawundare, da takwarorinsu na Jami'ar Modibbo Adama a Yola, shi ne su haɗa hannu su fara da kogin da ya haɗa su. A bi Binuwai daga Lagdo zuwa Lokoja, ƙauye bayan ƙauye, a rubuta kowane suna yadda masu shi ke faɗarsa, a tambayi masunta da sarakunan ruwa, a rubuta wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa.